Bayan Horo Sai Gafara

Wuraren karatu: Matta 18:21-35, Matta 7:1-5, 2 Korintiyawa 2:5-11. A karanta su tukuna kafin a shiga darasin.

A ekklisiyar da na fara aikin fasto, a wani ƙauye, akwai wani ɗan'uwa wanda ya riƙe mana ma'aji shekaru da dama, ba a taɓa neman ko kwabo a hannunsa an rasa ba. Wata shekara matarsa ta kwanta ciwo mai tsanani, sai ya sa hannu cikin kuɗin baikon kaka ya kai ta asibiti, yana cewa a ransa zai mayar kafin a yi lissafi. Ranar lissafi ta zo bai mayar ba. Da fari ya yi musu, daga baya ya faɗi gaskiya a gaban dattawa da hawaye. Aka sa shi horo wata 6: ya koma bencin baya, aka hana shi cin Jibin Ubangiji. Ya sayar da awakinsa ya biya kuɗin duka. Da wa'adin ya cika na kira shi gaba ran Lahadi, na kama hannunsa, na shaida wa jama'a an karɓe shi. Kowa ya ce amin.

Amin ɗin nan a baki ta tsaya. In ya zauna a benci, na kusa da shi ya kan matsa. Yara suna kiran 'ya'yansa da sunan laifin ubansu, a gida kuwa suka ji sunan. Ni ma da na ke ba ku labari ban kuɓuta ba. Ran nan ya zo gaishe ni da safe, ya tarar ina ƙirga kuɗin makarantar ɗana a kan tebur. Ina ganinsa sai na ɗauki Littafi Mai Tsarki na rufe kuɗin da shi. Ya gani. Muka gaisa, ya tafi. Daga ran nan ba a ƙara ganinsa a sujada ba.

Bayan mako 3 na tambayi wani dattijo na ce, "Baba, ina wane ya shiga?" Ya ce, "Fasto, kun tashe shi daga bencin baya na ɗakin sujada, amma akwai wani bencin baya a zukatanmu, can muka bar shi. Wancan horo na wata 6 ne. Wannan kuwa, wa ya yanka masa rana?"

A kan tambayar tsohon nan darasinmu ya tsaya. Ɗan'uwa ya yi zunubi, ya tuba, ya gyara abin da zai iya gyarawa. Me Ubangiji ya ke so mu yi da shi?

1. Bashi Biyu

Bitrus ya tambayi Yesu iyakar gafara, ya kuma kawo nasa lissafi, watau sau 7. A ganinsa ya yi ƙoƙari, gama cikin rubuce-rubucen malaman Yahudawa akwai koyarwa cewa sau 3 a ke gafarta wa mutum. Amsar da Yesu ya ba shi ta kai 70 sau 7, watau 490. A wani juyi kuma 77 ne. Ku duba Farawa 4:24, inda Lamek ya yi fahariya da ramuwa har sau 77. Yesu ya ɗauki lissafin ramuwa ya mai da shi lissafin gafara. Wanda ya buɗe littafi yana rubuta laifin ɗan'uwansa domin ya ga ranar da zai kai 490, wannan bai soma gafara ba tukuna, jira kawai ya ke yi.

Sa'annan Yesu ya ba da misalin sarki da bawansa wanda ya ci bashin talanti 10,000. Mu kan karanta wannan mu wuce, domin ba mu san talanti ba. Bari mu yi lissafi. Dinari a ƙasar nan kuɗin azurfa ne, shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda, kamar yadda Matta 20:2 ya nuna. Talanti guda dinari 6,000 ne. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara, sai ya yi shekara 20 kafin ya sami talanti ɗaya. Talanti 10,000 kuwa dinari 60,000,000 ke nan, ladan shekara 200,000. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya rubuta cewa abin da Arkilayus ɗan Hirudus ya ke samu daga Yahudiya da Samariya da Idumiya talanti 600 ne a shekara. Ashe bashin bawan nan ya fi kuɗin shiga na ƙasashen nan uku na shekara 16. Duk da haka ya durƙusa yana roƙo a ba shi lokaci zai biya. Lokaci ya roƙa, amma sarki ya san lokaci ba zai amfane shi ba, sai ya ji tausayinsa ya yafe masa bashin ɗungum.

Da fitarsa ya gamu da abokin bautarsa wanda ya ke bi dinari 100. Ku lura, dinari 100 ba abin rainawa ba ne, gama ladan aikin fiye da wata 3 ne. Yesu bai ce abin da aka yi maka ba kome ba ne. Ya san an cuce ka, ya san da zafi. Amma ka aza shi kusa da naka bashin: ɗaya ne cikin 600,000. Bawan ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa. Shi kuwa ya faɗi ƙasa ya yi roƙo irin wanda shi mai shaƙewar ya yi a gaban sarki ɗazu, amma bai gane muryar kansa ba. Ya sa aka kulle shi. Da labari ya kai wurin sarki ya husata, ya ba da mugun bawan ga masu azaba. Yesu ya rufe misalin da gargaɗi cewa haka Uba na sama zai yi da duk wanda bai gafarta wa ɗan'uwansa daga zuciya ba.

Kada wani ya ɗauka da gafarar da mu ke yi mu ke sayen gafarar Allah. Sarki ne ya fara yafewa, bawan bai kawo kome ba. Jinin Kristi ne ya biya bashinmu. Amma wanda ya karɓi wannan alheri da gaske, alamarsa ita ce hannunsa ya kan saki wuyan ɗan'uwansa (Afisawa 4:32). Kowace Lahadi cikin Addu'ar Ubangiji mu kan roƙi Allah ya yi da laifofinmu yadda mu ke yi da laifofin waɗansu. Da bakinmu mu ke miƙa masa mudunmu mu ce ya auna mana da shi. Ya ɗan'uwa, ka tabbata kana so a auna maka da wannan mudu?

2. Haki Da Gungume

Hausawa sun ce laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Yesu, wanda ya yi aikin sassaƙa a Nazarat (Markus 6:3), ya kwatanta abin da kayan sana'arsa: ga mutum da gungume a idonsa, ya dage sai ya cire ɗan haki daga idon wani. Abin dariya ne a ji, abin kuka ne kuwa in mutum ya gane shi a ke nufi.

Sarki Dauda bai gane ba sai da aka gaya masa. Ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga, ya ci gaba da zama a kan gadon shari'a kamar ba abin da ya faru. Annabi Natan ya kawo masa ƙarar wani mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani matalauci. Nan da nan Dauda ya husata, ya ce mutumin ya cancanci mutuwa, ya kuma biya riɓi 4. Sai Natan ya nuna masa shi kansa ne mai arzikin (2 Sama'ila 12:1-7). Zafin hukuncinsa bai nuna tsarkinsa ba. Sau da yawa zunubin da mu ke ɓoyewa shi ne ya fi ba mu haushi in mun gan shi a jikin wani. Cikin waɗanda suka juya wa ma'ajinmu baya akwai mai bashin maƙwabci da ya ƙi biya, akwai mai rage mudu a kasuwa, akwai wanda ya yi wa Allah alkawarin baiko bai cika ba. Bambancinsu da shi kaɗan ne: shi an kama shi ya tuba, su ba a kama su ba.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu dalilai 3 da suka hana mu hawa kujerar alƙalin zukata. Na fari, ba mu san kome duka ba. Mu waje mu ke gani, Allah kaɗai ke duban zuciya (1 Sama'ila 16:7), shi ne kuma zai tone nufin kowa a ranarsa (1 Korintiyawa 4:5). Na biyu, ɗan'uwan nan bawan wani ne, a gaban Ubangijinsa zai tsaya ko ya faɗi (Romawa 14:4). Na uku, mu kanmu masu laifi ne (Romawa 2:1). Wannan shi ya watsa taron da suka kawo wa Yesu macen da aka kama cikin zina. Da ya ce marar zunubi a cikinsu ya fara jifa, suka zame ɗaya ɗaya, manya ne kuwa suka fara tafiya (Yohanna 8:1-11).

3. Abin Da Yesu Bai Hana Ba

Akwai masu riƙe Matta 7:1 kamar garkuwa. Da an ce musu abin da su ke yi ba daidai ba ne, sai su ce, "Kada ka shari'anta ni." Waɗannan ba su karanta har aya 5 ba. A can Yesu ya ce mutum ya fara da gungumen idonsa, sa'annan zai gani sarai ya taimaki ɗan'uwansa. Hakin nan dole a cire shi, gama yana ɓata ido. A cikin surar kuma ya ce mu gane annabawan ƙarya ta wurin 'ya'yan da su ke bayarwa, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da rarrabewa. Macen nan ma da ya ƙi hukunta ta, ya umurce ta ta bar zunubi.

Saboda haka hukuma tana da wurinta, Allah ne ya ba ta ikon hukunta mai mugunta (Romawa 13:1-4). Ekklisiya ma tana da nata. Matta 18:15-17 ya shimfiɗa hanyar: ka tafi wurin mai laifin ku biyu kaɗai, in ya ƙi ji ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi kuma a kai maganar gaban ekklisiya. Mu kan juya hanyar nan baibai. Gari duka ya kan ji, mai laifin ne na ƙarshen ji.

To, ina bambancin tsautawa da shari'antawa? Ku dubi uwa sa'anda haki ya shiga idon ɗanta. Ta kan jawo shi jikinta, ta buɗe idon a hankali ta hura. Ba ta ɗaukar wuƙa, ba ta kiran maƙwabta su zo kallo, in hakin ya fita kuma maganar ta ƙare. Haka Bulus ya ce a komo da wanda aka kama cikin laifi da tawali'u, mai komowar yana lura da kansa (Galatiyawa 6:1). Mai tsautawa yana marmarin ranar da maganar za ta ƙare. Mai shari'antawa ba ya so ta ƙare, domin faɗuwar wani ita ce tudun da ya ke tsayawa a kai.

A nan akwai gargaɗi ga dattawa. Kada a mai da gafara bargon rufe mugunta. In mutum ya lalata yarinya, ko yana dukan matarsa har da rauni, aikinku na fari shi ne ku tsare wanda a ke cuta, abin da ya ke na hukuma kuma a kai wa hukuma. Dattawan da suka tilasta wa wanda aka zalunta ya yi shiru da sunan gafara, domin kada sunan ekklisiya ya ɓaci, sun ƙara zalunci a kan zalunci. Tuba ta gaskiya ba ta gudun biya. Zakka da ya tuba, da kansa ya ce zai mayar wa waɗanda ya cuta riɓi 4 (Luka 19:8).

4. Horo Yana Da Iyaka

Ekklisiyar Korinti ta yi kuskure iri biyu. A 1 Korintiyawa 5 wani a cikinsu yana zama da matar ubansa, su kuwa ko a jikinsu. Bulus ya tsauta musu ya ce a fitar da mutumin, amma ya faɗi dalili: domin ruhunsa ya tsira a ranar Ubangiji. Tun daga farko ceto a ke nema.

A 2 Korintiyawa 2 kuma ga wani da aka hore shi, ya yi baƙin ciki ya tuba, ekklisiya ta ƙi buɗe masa ƙofa. Malaman dā da yawa sun ɗauka shi ne mutumin wasiƙa ta fari, waɗansu na baya kuwa suna gani wani ne da ya ci mutuncin Bulus kansa. Ko wanne ne, umurnin ɗaya ne. Bulus ya ce horon ya isa. Ya ce su yi masa abu 3: su gafarta masa, su ta'azantar da shi, su tabbatar masa da ƙaunarsu. Mu a ƙauyenmu na farkon kaɗai muka yi, shi ma da baki. Bulus ya ji tsoro kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye mutumin, ya kuma ce wannan yana cikin dabarun Shaiɗan. Ku lura da kyau. Shaiɗan ya kan kama mutum ta hanyar zunubi, in ya kuɓuce masa ta wurin tuba, sai ya sake nemansa ta hanyar taurin zuciyar masu bi.

5. Abin Da Ya Faru A Kartaj

Maganar nan ta taɓa raba ekklisiya a Afirka ta Arewa da Roma. A shekara ta 250 dokar Desiyus, sarkin Roma, ta tilasta wa kowa ya miƙa hadaya ga gumaka a gaban hukuma, a ba shi takardar shaida. An tono irin takardun nan fiye da 40 a ƙasar Masar. Waɗansu masu bi suka ƙi, aka ɗaure su, aka kashe waɗansu, har da Fabiyan shugaban ekklisiyar Roma. Amma da yawa suka faɗi. Waɗansu sun miƙa hadayar, waɗansu kuma sun sayi takardar da kuɗi ba su miƙa ba.

Desiyus ya mutu a 251, tsanani ya lafa, sai ga waɗanda suka faɗi a bakin ƙofa suna kuka a karɓe su. A ciki kuwa ga gwauraye da marayun waɗanda suka tsaya har mutuwa, ga masu tabon azaba a jiki. Ka sa kanka a wurinsu, ka ga ko abin da sauƙi. A Kartaj, kusa da inda birnin Tunis ya ke yanzu, waɗansu suka ce a karɓi kowa nan da nan ba tambaya. A Roma wani malami mai suna Nobatiyan ya ce ekklisiya ba ta da ikon karɓar wanda ya yi musun Kristi, har ya ware ya kafa tasa ƙungiya. Mabiyansa suka riƙa kiran kansu tsarkaka.

Sifiriyan, shugaban ekklisiyar Kartaj, ya ƙi hanyoyin nan biyu. Shi kansa ya ɗanɗana shari'ar mutane, gama a lokacin tsananin ya ɓuya yana bi da ekklisiya ta wurin wasiƙu, waɗansu kuwa sun zarge shi da gudu. A 251 shugabannin ekklisiyoyin ƙasar suka taru a Kartaj, suka shirya a duba maganar kowa shi kaɗai. Masu sayen takarda a karɓe su bayan sun nuna tuba, masu miƙa hadaya kuwa su zauna cikin horo, amma a karɓe su in mutuwa ta gabato. Ba a daɗe ba, da suka ga alamar wani tsanani yana zuwa, suka sake taro suka karɓi dukan waɗanda suka nace da tuba. Hujjarsu ita ce, ba a tura mutum yaƙi a hana shi abinci. Wanda za a nema ya ba da ransa saboda Kristi, yaya za a hana shi teburin Kristi? Sifiriyan ɗin da aka ce matsoraci ne, an sare kansa saboda bangaskiya ran 14 ga Satumba, 258.

Ga ƙarshen maganar. A babban taron Nikiya na 325 aka buɗe wa shugabannin ƙungiyar Nobatiyan ƙofar komowa, da sharaɗi su yarda a rubuce za su yi zumunta da waɗanda suka faɗi a lokacin tsanani suka tuba. Masu rufe ƙofa su ma sai da suka bukaci a buɗe musu.

6. "Hali Zanen Dutse Ne"

Wani zai ce, "Fasto, mun ji, amma mai hali ba ya fasa halinsa. Wanda ya yi sau ɗaya zai sake." In da haka ne, da banza mu ke wa'azin sabuwar haihuwa. Yohanna Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar aiki (Ayyukan Manzanni 13:13). Da za a sake fita Bulus ya ƙi ɗaukarsa, gardama ta yi zafi har manyan nan biyu suka rabu (15:36-40). Barnaba ya tafi da saurayin. Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku kusa da mutuwarsa, ya rubuta wa Timotawus ya zo masa da Markus domin yana da amfani gare shi (2 Timotawus 4:11). Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3. Yesu ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa (Yohanna 21:15-17). Kwana wajen 50 bayan musun nan, shi ne ya yi wa'azin da mutum wajen 3,000 suka tuba.

Duk da haka sai mu rarrabe gafara da amana. Gafara kyauta ce, yau a ke ba da ita. Amanar riƙon aiki kuwa a hankali ta ke komowa, gama ko masu hidima an ce a gwada su tukuna (1 Timotawus 3:10). In ba a mayar wa ma'aji mabuɗin akwati washegari ba, ba a zalunce shi ba, wataƙila ma an rage masa jaraba. Amma wurin zama a benci, da gaisuwa da sakin fuska, da cin tuwo a akushi ɗaya, da mutuncin 'ya'yansa, waɗannan haƙƙinsa ne tun ranar da ya tuba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da ya warke.

Kai kuma da aka cuta, na san ba ka manta ba. Ka ce ka yafe, da dare abin ya dawo maka sabo. Kada ka ce gafararka ƙarya ce. Ka sake yafewa, gama cikin 490 ɗin nan akwai laifi guda wanda za ka yafe duk ranar da ka tuna shi. Duniya tana cewa rama cuta ga macuci ibada ne, bakinmu kuma ya saba da "Allah ya isa." Gaskiya ce sakamako na Allah ne (Romawa 12:19), amma a bar masa da hannu sake. Yusufu, sa'anda 'yan'uwansa suka faɗi a gabansa da tsoro bayan rasuwar ubansu, ya ƙi tsayawa a matsayin Allah, ya kuwa ɗauki nauyin ciyar da su da 'ya'yansu (Farawa 50:15-21). Istifanus yana mutuwa a ƙarƙashin duwatsu ya roƙa wa masu jifansa gafara (Ayyukan Manzanni 7:60), a wurin kuwa akwai wani saurayi, Shawulu, wanda daga baya ya zama Bulus.

7. Abin Da Ya Wajaba Mu Yi

Bayan maganar dattijon nan na kwana ban yi barci ba. Da safe na bi ma'ajinmu gona, na same shi yana noma. Na ce masa, "Ɗan'uwa, na zo neman gafara. Na karɓe ka a gaban jama'a, na ƙi ka a ɗakina." Ya daɗe yana duban ƙasa, sa'annan ya ce, "Fasto, kuɗin na biya da awaki. Wannan ne ban san da me zan biya ba." Ya yafe mini, kafin kaka kuma ya komo sujada. Amma babban ɗansa, wanda ya sha ba'a a makaranta, bai komo ba har na bar garin. Nauyin yaron nan yana kanmu.

Domin kada haka ta sake faruwa, ga shawara. In za a sa mutum horo, a gaya masa dalili da wa'adi, a kuma ba shi dattijo ɗaya mai ziyartarsa yana addu'a da shi, mace kuwa a haɗa ta da wata uwa daga Zumuntar Mata. Ranar karɓa a yi ta a fili da murna, kamar yadda uban nan ya yi wa ɗansa da ya komo (Luka 15). Daga ranar, wanda ya sake ta da maganar shi ne mai laifi, dattawa su tsauta masa. Iyaye su tsare bakinsu a gaban yara. Kowannenmu kuma, kafin ya zo teburin Ubangiji, ya binciki zuciyarsa ko akwai wanda ya bari a bencin baya. In akwai, kada a jira shi ya zo. A tafi gidansa cikin makon nan.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Me ya sa Yesu ya sa bashin bawa na biyu ya kai dinari 100, bai ce kwabo ɗaya ba?
2. Ina bambancin hukuncin Dauda a kan mai arzikin nan da tsautawar Natan ga Dauda?
3. Waɗanne abubuwa 3 Bulus ya ce a yi wa wanda ya tuba? Wanne ne ekklisiyarku ta fi mantawa da shi?
4. Me za ka ce wa Nobatiyan? Me kuma za ka ce wa masu son a karɓi kowa ba tuba?
5. Akwai wanda ya bar sujada a garinku bayan horo? Wa zai tafi wurinsa, yaushe?

Ayar haddacewa: Afisawa 4:32.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu, ka yafe mana bashin da ba za mu iya biya ba. Ka nuna mana gungumen idonmu, ka ba mu hannu mai taushi ga wanda ya faɗi, ka komo da waɗanda taurin zuciyarmu ya kora. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.